An ce mu sa yaronmu mai otizim cikin bincike a asibiti, mu yarda ko kar mu yarda?

Wata 'yar uwa ce ta turo min wannan tambayar. Ɗanta shekara huɗu, har yanzu baki bai buɗe ba, likita ya ce yana da otizim, abin da wasu ke kira galahanga. Zuwansu asibiti na ƙarshe sai wata ma'aikaciya ta miƙa mata takarda ta ce ana wani bincike kan yara irinsa, in suna so su shiga. Ita tana so, tana ganin ko Allah zai sa a dace yaro ya yi magana. Maigidan kuma ya ce sam, ba za a mai da masa ɗa abin gwaji ba, ai kowa ya san abin da ya faru a Kano. Shi ne take neman shawara.

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya miki shi, ya ba ki ladan ɗawainiya. Na daɗe ina duba yara masu jinkirin girma da jinkirin magana, kuma na sha zama da iyaye ina karanta musu irin wannan takardar da aka ba ki layi-layi, don haka zan faɗa miki abin da nake faɗa musu a ofis, ba ragi.

Bari in fara da maigida, don wallahi tsoronsa ba na banza ba ne, kuma kar ki je ki ce masa likita ta ce jahilci ne. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ma gudu zai yi. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa (IDH) na Kano a kan yara kusan 200, rabi aka ba su Trovan rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sanƙarau ɗin ne ya yi ɓarnar ba maganinsa ba, iyaye kuma suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka magani kawai ake ba 'ya'yansu. An yi ta shari'a shekara da shekaru har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuma wannan tabon yana cikin abubuwan da suka sa mutane suka juya wa allurar shan inna baya a 2003. Ba mu kaɗai ba ma, a Amurka akwai wata makarantar kwana ta yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa da ake kira Willowbrook a New York, inda daga shekarun 1950 har zuwa farkon 1970 masu bincike suka riƙa sa wa yara ƙwayar cutar hanta da gangan don su ga yadda take tafiya a jiki. Yaron da ba ya iya buɗe baki ya ce a'a, shi aka fi saurin zalunta, tarihi ya nuna haka. To duk uban da ya ce sai ya tsaya ya duba, aikinsa na uba yake yi.

Abin da ya canja shi ne yanzu akwai ƙa'ida da ke da haƙori. Najeriya tana da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, da kundin ƙa'idojinsa tun 2007, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta ƙara masa ƙarfi. Manyan asibitocin koyarwa suna da nasu kwamitin, kuma ba a yarda a taɓa mutum ɗaya ba sai sun karanta tsarin binciken sun sa hannu. In kuma magani ne za a gwada to sai da izinin NAFDAC a kai. Ban ce miki kowa yana bin ƙa'ida ɗari bisa ɗari ba, mutum tara yake bai cika goma ba, amma yanzu kina da abin da za ki riƙe ki tambaya, wanda iyayen 1996 ba su samu ba.

Toh, amma ke ma akwai inda nake so in taɓa ki a hankali. Kin ce kina so ki shiga ko Allah zai sa ya yi magana. Nan ne zuciyata ta ɗan tsaya. Bincike daban, magani daban. Likitan da ke duba yaronki a kilinik tambayarsa ita ce me zai amfani wannan yaron yau. Mai bincike kuma tambayarsa ita ce me za mu koya daga yara hamsin ko ɗari biyu da zai amfani waɗanda za a haifa nan gaba, ko da kuwa mutum ɗaya ne yake sanye da rigunan biyu. Yana iya yiwuwa yaronki ya ƙaru, yana iya yiwuwa kuma ku gama ku fito yana nan yadda yake. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta sa hannu a irin wannan takarda, yaronta yana da farfaɗiya bayan otizim ɗin, ta koma gida ta ajiye masa maganin farfaɗiyar don a tunaninta ai yanzu “manyan likitoci” sun karɓe shi za su ba shi wanda ya fi. Binciken kuwa tambayoyi ne kawai da awo, ba ko ƙwaya ɗaya a ciki. Sati biyu aka kawo shi cikin dare yana ta jijjiga, harshe ya fashe, ita kuma tana zaune a bakin gado da hijabi a jirkice tana ta maimaita cewa ita ba ta sani ba. Kuma gaskiya ta faɗa, laifin namu ne ma'aikata da ba mu zauna mun warware mata da Hausar da za ta gane ba. Tun daga ranar ba na barin uwa ta sa hannu sai na ce ta maimaita min da bakinta me ta fahimta za a yi.

Don haka abu na farko da za ki gano shi ne wane irin bincike ne, don kalmar ɗaya ce amma abubuwan da ke ƙarƙashinta sun sha bamban. Mafi yawan wanda ake yi kan otizim a asibitocinmu na tambaya ne da kallo. Za a zaunar da ke awa ɗaya ko biyu a yi ta tambayarki yadda cikinsa ya kasance, ko ya yi kuka da aka haife shi, ko ya yi shawara yana jariri, yaushe ya zauna yaushe ya yi tafiya, yana nuna abu da yatsa ko jan hannunki yake ya kai ki wurin, yana waiwayowa in an kira sunansa. Sannan a shimfiɗa tabarma a zube kayan wasa, ma'aikaciya ta hura kumfar sabulu ta tsaya ta ga ko zai kalle ta ya nemi ƙari, ta ɓoye mota a bayanta ta ga me zai yi. Wannan haɗarinsa bai wuce gajiya da ɓata wuni ba, sai kuma wani lokaci tambayoyin su sosa miki inda ke ciwo ki yi hawaye, wannan kam yana faruwa sosai.

Akwai kuma na koyar da iyaye, wanda ni a ganina shi ne ya fi kusa da abin da muke bukata a nan. A Ingila an yi wani mai suna PACT da yara 152, ana ɗaukar bidiyon uwa tana wasa da ɗanta sai a zauna da ita a kalla tare, a nuna mata ga inda ya yi miki alama kika wuce ba ki lura ba, ga inda kika jira shi ya amsa. Da aka sake bibiyar yaran bayan wajen shekara shida sai aka ga alamomin otizim ɗinsu sun fi sauƙi a kan na waɗanda ba a yi wa ba. Aka ɗauki tsarin aka gyara shi aka gwada a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na gama-gari ne suka koyar ba ƙwararru ba, ya kuma yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata shirin koyar da masu rainon irin waɗannan yara, an gwada shi a ƙasashe da dama har da Habasha da Kenya. Abin da za ki sani a irin wannan shi ne sau da yawa ana raba iyaye gida biyu, kuma ba likita ke zaɓa ba, kwamfuta ce ke rabawa kamar ƙuri'a. Kina iya faɗawa ɓangaren da za a ce ku ci gaba da kulawar da kuka saba. Ba wai an raina ku ba ne ko an fi son wasu, ta haka ne kaɗai ake gane ko abin ne ya yi aiki ko kuwa girma ne kawai yaro ya yi. Ki tambaya ko waɗanda suka faɗa wancan ɓangaren za a koya musu in an gama.

Na ɗaukar jini ko yawu don duba ƙwayoyin gado kuwa, a nan nake so ku nutsu ke da maigida. Allurar ba komai ba ce, abin da ke cikin kwalbar shi ne magana. Ina za a kai shi, a nan za a auna ko waje za a fitar, shekara nawa za a ajiye, wa da wa za su iya amfani da shi bayan wannan binciken, kuma in kun ce kun fasa za a zubar? Za a dawo muku da sakamako ko ba za a dawo ba? In za a dawo, wa zai zauna ya yi muku bayani? Don a gidajenmu da auren zumunci ya yi yawa, kalma ɗaya ta “daga ɓangaren wane ya fito” tana iya raba aure ko ta hana 'yan'uwan yaro samun miji, na ga inda aka kusa haka. Kuma kar ki ji kunyar waɗannan tambayoyin ki ce ko za a ce kin cika ƙauyanci. A Ingila a 2021 jami'ar Cambridge ta ƙaddamar da wani babban bincike mai suna Spectrum 10K don tattara yawun mutum dubu goma masu otizim, masu otizim ɗin da kansu, manya masu magana da rubutu, suka tashi suka ce ba a gamsar da su kan me za a yi da bayanan gadonsu ba, dole aka dakatar cikin 'yan makonni, daga baya ma aka rufe shi gaba ɗaya. In su sun tambaya, ke ma haƙƙinki ne. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023.

Gwajin magani shi ne mai nauyi. Har yau ba wata ƙwaya ko allura da aka tabbatar tana warkar da otizim. Waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su, risperidone a 2006 da aripiprazole a 2009, na rage fushi ne da duka da cizon kai, kuma suna da nasu illar, ƙiba da yawan barci da sauransu. In binciken na magani ne ki nemi sunan maganin a rubuce, ki ga shaidar NAFDAC, ki tambaya ko wasu yaran za a ba su ƙwayar da ba magani a cikinta, ki tambaya in wani abu ya same shi cikin dare wa za a kira kuma wa zai biya kuɗin asibiti. Haka in an ce za a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, na'urar ba ta da zafi amma tana da ƙara kuma sai an kwanta shiru, yawancin yaranmu sai an ba su maganin barci, to ki tambaya wa zai ba shi kuma wa zai tsaya a kansa har ya farka.

Wani abu da ke ƙona min rai, akwai masu fakewa da kalmar bincike su ci kuɗin iyaye. Za ki ga talla a Facebook ko a guruf ɗin WhatsApp, wai sabon binciken ƙwayoyin halitta da ake dasawa, ko na wanke gubar ƙarfe daga jini, a kawo miliyan kaza. Binciken gaskiya ba ya karɓar kuɗinki, shi ne ma zai ba ki kuɗin mota da ɗan abin taɓawa. Kuma ba ya yi miki alkawarin waraka. Wankin ƙarfen nan ya taɓa kashe yaro ɗan shekara biyar mai otizim a Amurka a 2005. Idan kuma kika ga kuɗin da za a ba ku ya yi yawan da zai sa ki rufe ido ki yarda da abin da da ba za ki yarda ba, shi ma alamar tambaya ce.

To me ya sa duk da haka nake ƙarfafa wa iyaye gwiwa su shiga in abin ya cika ƙa'ida? Saboda duk abin da na sani da nake taimakon yaronki da shi, wasu iyaye ne suka ba da lokacinsu aka samo shi. Leo Kanner, likitan da ya bayyana otizim a Amurka a 1943, yara 11 kawai ya rubuta labarinsu. Bayan nan aka shafe shekaru ana ɗora wa uwaye laifi, ana cewa sanyin zuciyarsu da rashin nuna ƙauna ne ya jawo, har laƙabi aka yi musu da uwaye masu sanyin firji. Kin ga dai irin abin da ake miki a gida ne da wata riga, wai kin yi wanka da magariba da ciki, wai kin bi ta kan juji, wai ɗan ruwa ne aka musanya miki. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bibiyi tagwaye guda 21 a Ingila suka nuna cewa gado yana da babban hannu a ciki, daga nan maganar ta fara juyawa. Iyayen waɗannan tagwayen ba su samu waraka ba, amma sun sauke wa miliyoyin uwaye wani dutse daga ka. Haka maganar cewa allurar ƙyanda ke kawo otizim, ta fito ne daga wata takarda ta 1998 kan yara 12 wadda aka janye a 2010 aka kuma kwace lasisin likitan da ya jagorance ta, kuma abin da ya rufe bakin maganar shi ne bincike irin na Denmark na 2019 da ya duba yara sama da dubu 650 bai ga wata alaƙa ba. Akwai ma wani sinadari, secretin, da iyaye suka yi ta rububi a kansa a ƙarshen shekarun 1990 suna kashe dukiya, sai da aka yi gwaji sama da goma aka ga ba ya komai, mutane suka huta.

Matsalarmu ita ce kusan duk wannan ilimin a kan yaran Turai da Amurka aka gina shi. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100, Amurka kuma alƙalumanta na 2025 sun ce 1 cikin 31, amma kayan awon da aka samo waɗannan lambobin da su ba don yaron Bichi ko Maraɗi aka ƙera su ba. Misali a cikin gwajin gano otizim mai suna ADOS da ake ji da shi a duniya akwai wurin da ake shirya bikin zagayowar ranar haihuwa na wasa, a yi kek da ƙullu a soka kyandir a ga ko yaro zai hura ya ba 'yartsana ta ci. Na zauna na ga yaro lafiyayye ɗan ƙauye yana kallon wannan kek ɗin yana kallona, bai taɓa ganin an yi haka ba a rayuwarsa, me zai hura? A takardar tantancewa ta M-CHAT da ake yi wa yara 'yan wata 16 zuwa 30 akwai tambayar ko ƙarar injin shara na lantarki tana damunsa, mu kuwa sai dai a ce injin markaɗe ko janareta. Ga kuma maganar haɗa ido, mu da muke koya wa yaro sunkuyar da kai gaban babba, sai an san yadda za a bambance kunya da alamar otizim. Wa zai gyara waɗannan in ba a zauna da uwaye irinki an tambaye su ba? Kuma ranar da za a je gaban gwamnati a ce a buɗe aji na musamman ko a ɗauki masu koyar da magana aiki, abin da za su fara tambaya shi ne yara nawa ne, a ina suke. Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana nan a takarda, amma lamba ce ke sa a ware kuɗi.

Game da takardar da ke hannunki, kar ki sa hannu a tsaye a baranda. Ki tafi da ita gida. In da Turanci take ki ce a ba ki ta Hausa ko a karanta miki gaban wani naki da kika yarda da shi, wanda ba ma'aikacin binciken ba. Ki duba akwai sunan shugaban binciken da lambar wayarsa, da sunan kwamitin ɗa'ar da ya amince da lambar amincewar, da wata lambar ta kwamitin da za ki kira in kina da ƙorafi. Dole a rubuce yake cewa shiga ganin dama ne, kina iya fita ko yaushe ba sai kin ba da dalili ba, kuma in kin ƙi ba abin da zai taɓa kulawar da ake ba yaronki a kilinik. In wani ya nuna miki cewa ƙin shiga zai sa a daina ganinku da wuri, wannan kansa abin kai ƙara ne. In za a ɗauki hoto ko bidiyo ki tambaya wa zai gani, kuma kina iya yarda da binciken ki ƙi yarda da bidiyon. Kofi ɗaya na takardar naki ne, ki adana.

Shi kuma maigida, shawarata kar ki shiga a ɓoye, ko da an ce sa hannunki kaɗai ya isa. Ɗansa ne, kuma ranar da ya gano amanar da ke tsakaninku ce za ta taɓu, yaron kuma yana bukatarku ku biyu a jere. Ki roƙe shi ya raka ki sau ɗaya kawai, ya zauna da shugaban binciken ya yi duk tambayar da ke ransa har da ta Trovan ɗin, mai binciken kirki ba zai ji haushi ba. Na sha ganin uban da ya shigo fuska a murtuke, da ya ga abin bai wuce tabarma da kumfar sabulu ba shi ne ya koma yana tambayar yaushe za a sake dawowa. In kuma ya ji komai ya ce shi dai a'a, ki haƙura, ba ki yi asarar magani ba tunda dama ba magani ba ne, ku ci gaba da zuwa kilinik da koyar da shi a gida.

Yaron ma yana da ta cewa ko da ba ya magana. In kika ga ya toshe kunne, yana ta neman ƙofa, yana buga kai, kukan ya wuce irin wanda kika saba, ki ce a tsaya, a huta ko a ɗaga zuwa wata rana, ba wanda ya san shi kamar ke. Kar ki yarda a danne shi mutum uku don a cika fom.

In Allah ya sa kun yanke za ku shiga, ki nemi a ba ku lokacin safe kafin asibiti ya cika da hayaniya, ki tabbatar ya karya, ki ɗauko abincin da ya saba ci da ruwansa da abin da yake yawan riƙewa ko da murfin jarka ne ko igiya, da kayan canji. Ki zo da katin rigakafinsa da duk maganin da yake sha a cikin kwalinsa, har da na gargajiya da rubutu in ana ba shi, ki faɗa musu ba ɓoye-ɓoye, kuma kar ki tsayar da ko ɗaya daga cikin na asibiti sai likitansa ya ce. Kafin ku fito ki tambaye su yaushe za a gama, kuma ta wace hanya za su sanar da ku abin da aka gano.